Ruwan da Ba Nasa Ba

A Garwa, in bazara ta kai maƙura,
ba a ɗora ruwan wankin fim a wuta.
Da kansa yake ɗaukar zafin jikin mai zazzaɓi,
kuma haka fim mai launi yake so.

Ina ɗan shekara sha shida,
yaron shagon Baba Hamajoda a Yelwa,
ni ne shara, ni ne riƙon agogo.
Wani likita ya bar wutsiyar fim ɗin majigi,
saura ɗauka uku.
Na sace ta, na sace kyamara na yini ɗaya,
na bi yayana Isiyaka bakin Binuwai.

Da dare na shiga ɗakin duhu ba sallama.
Jarkoki biyu ne a ƙarƙashin teburi,
ɗaya ta fim ɗin kati, ɗaya ta majigi.
Hannu bai iya karatu ba.
Na tsoma fim a ruwan da ba nasa ba.

Da aka buga a kati,
sama ta fito kore kamar ɗanyen mangwaro,
kogi ya koma man shanu narkakke,
yashi ya ƙone fari fat, ko sawu babu,
inuwar gada ta sha baba kamar ta kwana a karofi.
Ga Isiyaka tsaye a kan kwalekwale,
rigarsa ta narke cikin haske,
sai wuya, sai dariya, sai gora a hannu.

Na jira mari.
Baba ya ɗaga katin wajen taga, ya daɗe.
Ya ce, "Ɓarna ka yi, yaro,
amma ɓarnar nan ta fi mu ido."
Duk da haka ya cire kuɗin kati a ladana.

Inna ta ce ba ɗanta ba ne.
"Nawa baƙi ne, wannan an shafa masa gangamau."
Ta jefa shi ƙasan adaka, cikin tsofaffin zannuwa.
Bayan damina Isiyaka ya bi motar auduga zuwa kudu.
Wasiƙa biyu daga Duwala,
sai shiru ya zauna mana a tsakar gida.
A shekara ta huɗu na tarar da katin jingine da bango.
Ba ta kalle ni ba, ta ce,
"In na rufe ido, da wannan launin yake zuwa."

Na yi ta maimaita kuskuren da gangan.
Na buɗe idon kyamara, na tsuke shi,
na gwada sabon fim, na gwada wanda ya kwana biyu.
Wani ya yi ja kamar bakin mai cin goro,
wani ya yi gansakuka.
Ko sau ɗaya waccan sama ba ta dawo ba.
Daga baya ruwan ma ya daina zuwa.
Shagon yanzu caji ake yi a ciki.

Jiya jikata Kubura ta zauna kusa da ni da wayarta.
Ta ɗauki gadar nan, ita dai gadar,
ta ja wani layi da yatsa, ta lanƙwasa shi kamar bayan dorina,
ta kwashe ja daga inuwa,
ta zuba rawaya inda haske ya fi,
ta barbaɗa tsaki-tsaki a kai don ya tsufa.
"Kaka, ya yi?"

Ya yi, 'yar nan. Ya kusa.
Sai dai na ga wata kibiya a gefe
da ke mai da komai yadda yake.
Kuskurenki yana da ƙofar baya.
Nawa ya shiga ruwa sau ɗaya,
minti uku da 'yan kai,
ya fito da abin da ya ga dama.

Ban faɗa mata wannan ba.
Na matso da tabarau, na ce,
ƙara kore kaɗan.
A'a, ya yi yawa. Rage.
Tsaya nan.
Bar min bakin ruwan haka, kar ki taɓa,
nan ne kwalekwalen yake tsayawa.